Yadda Ko-Allura Ya Rufe Bakin Ringi

Mijina kafinta ne, kuma tsakani da Allah ya iya aikinsa. In ya haɗa katako biyu, sai ka rantse a haka itacen ya tsiro. Matsalarsa ɗaya ce, bakinsa ya fi hannunsa sauri. Ba ya gama tebur ko ƙofa sai ya tare duk wanda ya zo wucewa, ya kama masa yatsa ya goga a kan mahaɗar, ya ce masa ya taɓa ya ji, ko allura ba ta shiga. Ya yi ta faɗa har maganar ta bi shi. Yanzu layinmu kaf Ko-Allura ake kiransa, har yara ƙanana, shi kuwa gani yake sarauta aka naɗa masa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda ya shafa mahaɗar nan ba, shi ne mahaifina. Baba direban babbar mota ne tun yana saurayi, kuma a wurinsa mutanen duniya kashi biyu ne, masu warin baƙin mai da sauran tarkace. Mijin ƙanwata bakanike ne, saboda haka in ya zo gaisuwa kujera mai hannu ake jawo masa. Mijina kuwa sai benci, bencin ma shi ya yi shi da hannunsa. Tunda aka yi aurenmu Baba bai taɓa kiransa da wani suna ba sai mai ƙusa. A gabana yakan ce ko a jikinsa, amma na san abin yana cinsa ƙwarai.

Baba yana da wata gingimari da yake kira Tsohuwa, da ita ya ciyar da mu ya yi mana makaranta. Ta daɗe a ajiye a filin gefen gidansa. In an tashe ta sai hayaƙi ya turnuƙe layin, maƙwabta su fito da gudu suna kwashe shanya, ƙarshe dai aka ƙyale ta har kaji suka fara yin ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba. Ana cikin haka idon Baba ya fara yana. Lasinsa zai ƙare a ƙarshen wata, likita kuma ya gaya masa ƙiri-ƙiri ba zai sa hannu a sabunta ba. Sai Baba ya tara mu, ya ce buri ɗaya ya rage masa. Yana so ya hau Tsohuwa ya tuƙa ta da hannunsa, daga gida zuwa tashar manyan motoci inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa, abokansa su gan shi ya shigo a kan sitiyari, ba wai wani ya jawo masa sanda ba. Daga nan ya ajiye makulli har abada. Ni dai ƙwalla ta cika mini ido, don ban taɓa jin Baba ya roƙi wani abu a wurin 'ya'yansa ba.

Duk muka juya muka kalli bakanike. Shi kuwa ya gyara zaman agogonsa, ya ce injin Tsohuwa sai an sauke shi gaba ɗaya an canza ringi, kuma shi yanzu ya wuce wannan matsayin, motocin zamani masu kwamfuta yake dubawa. In an ba shi lokaci, wataƙila nan da baɗi ya leƙa. Daga kan benci na ji mijina ya yi gyaran murya. Na taka masa ƙafa, ya janye ƙafarsa.

"Baba, ni zan tashe ta."

Baba ya karkato kunne. "Wa ke magana?"

"Ni ne, Baba."

"Mai ƙusa? Mota ce fa, ba kabad ba."

Mijina ya miƙe tsaye ya fara bayani cewa da inji da kabad duk abu ɗaya ne, haɗi ne kawai, kuma wanda ya iya haɗi ya iya komai. Bakanike ya yi dariya har da dukan cinya. Baba ya ce da babu gara ba daɗi, ya ciro makulli daga aljihu ya miƙa wajen da ya ji muryar ta fito.

Washegari mazan layinmu suka taru aka sauke injin, aka ɗoro shi a amalanke zuwa shagon mijina da ke manne da gidanmu. Ya aro sarƙar ɗaga kaya, ya rataya ta a jikin katakon rufin shagon, yana gaya wa jama'a cewa shi ya haɗa katakon nan, ko giwa aka rataya ba zai motsa ba. Gaskiyarsa kuwa, mahaɗar ba ta motsa ba. Bangon da ke riƙe da ita ne ya biyo ta. Da ƙura ta lafa, muka same shi tsaye cikin ɓaraguzai yana nuna wa mutane katakon a ƙasa, yana cewa su duba da kyau, har yanzu a haɗe yake.

Daga ranar gidana ya zama gareji. Bahon wankan yara ya cika da man dizal da ƙarafa, rariyata ta koma ta tace kusoshi, buroshin haƙorina ya ɓata na tsince shi baƙi ƙirin. Duk abin da na dafa ɗanɗanon mota yake yi. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin cikin inji, ya ce ya kalli bidiyo a waya. Da wani yare mutumin bidiyon yake magana, amma wai hannu yarensa ɗaya ne a duk duniya. Rabin bidiyon ma ya kalla ya kashe, ya ce mutumin yana da nawa.

Ga wanda bai sani ba, kamar yadda ni ma a lokacin ban sani ba, fistin wani dunƙulen ƙarfe ne mai kama da gwangwani, yana hawa yana sauka a cikin ramin inji. Ringi kuma siririn zobe ne da ake ɗaura masa a ƙugu, don ya toshe gefe kada hayaƙi da mai su riƙa zurarewa. Na Tsohuwa sun cinye, shi ya sa take hayaƙi. Mijina ya sayo sababbi, ya buɗe kwalin a gabana da alfahari, sai na ga fuskarsa ta canza. Kowane zobe a yanke yake a wuri ɗaya.

Ya sa ni a gaba wai in zama shaida, muka tafi shagon mai kayan gyara. Tun daga bakin ƙofa ya fara, wai an ga kafinta an ɗauka baƙauye ne, an haɗa masa karyayyun kaya. Mai shagon wani mutum ne mai ƙiba da ba ya son tashi daga kujerarsa. Ya bari mijina ya gama tsaf, sannan ya tambaye shi, in zoben ba a yanke yake ba, ta ina zai zura shi a ƙugun fistin. Mijina ya kalli zoben, ya kalli rufi, ya ce ai ya sani, gwada shi yake ya ga ko ya san abin da yake sayarwa. Muka kwaso kayanmu muka dawo, ni ina tafe ina kallon ƙasa.

Na ɗauka shi ke nan, ashe yanzu aka fara. Da muka dawo ya tura zobe ɗaya cikin ramin injin, ya ba ni tocila ya ce in haska ta ƙasa. Ya leƙa ta sama, sai na ji ya yi salati. Tsakanin bakin zoben da bakinsa akwai 'yar tsaga, siririya, da ƙyar farce zai shiga, amma haske yana ratsowa ta ciki. A wurin mijina kuwa haske ya ratso ta mahaɗa ya fi zagin uwa ciwo. Ya ce in zo in ga abin da ya kashe Tsohuwa. Ya ce da gangan kamfanoni ke barin wannan ƙofar don inji ya mutu da wuri a sayi wani, kanikawa kuma sun sani sun yi shiru don da su ake ci. Allah ne ya kawo kafinta cikin lamarin don asiri ya tonu.

Ya koma shagon ya ce a ba shi ringi masu girma, waɗanda suka ɗara waɗannan. Mai shagon ya tambaye shi ko an ƙara faɗin ramukan ne. Mijina ya ce masa sayarwa ce sana'arsa ko tambaya. Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya nuna masa kanta da baki.

Dabararsa ita ce, ya ɗaure zoben a matsen katakonsa, ya riƙa goge bakin da magagari kaɗan-kaɗan, yana gwadawa, har sai baki ya haɗu da baki babu ko numfashi a tsakani. Na farko da ya matse ya karye, guntun ya yi tsalle ya tsallake titi ya shiga shagon mai aski, ya tsaga madubi gida biyu. Mai aski ya fito da aska a hannu, mutumin da ake yi wa aski ya biyo shi da rabin kai a aske da ƙyalle a wuya. Mijina bai ko girgiza ba. Ya ce su gode wa Allah, sun ga ƙarfin ƙarfen da idonsu. Ya yi alkawarin sabon firam, ya zaunar da su, ya fara yi musu bayanin makircin kamfanoni. Kafin a jima mai aski ya manta da madubinsa yana gyaɗa kai. Daga ranar kullum sai ya kwaso masu jiran layi a shagonsa su zo kallo, mijina yana guga yana lacca. Masu jiran ya gama musu gado da kabad kuwa suka yi ta zarya, yana gaya musu su yi haƙuri, aikin ƙasa yake yi.

Ana cikin haka ƙanwata ta matsa wa mijinta ya zo ya duba. Ya zo da yamma shagon a cike, yana karkaɗa wasu 'yan siraran ƙarafa masu kama da ganyen wuƙa, waɗanda kanikawa ke zurawa su auna tsaga. Ya leƙa ramin, ya nemi inda zai zura ƙarfensa ya rasa.

"Yaya kafinta, ina tsagar?"

"Na rufe ta."

"Ka rufe ta. To in ƙarfen ya ɗau zafi ya buɗe, ina kake so ya je?"

Mijina ya ajiye magagari, ya share hannu, ya kalli jama'a tukuna don ya tabbatar kowa yana ji.

"Ƙanina, kumburi sana'ata ce. Ruwa ke sa abu ya kumbura. Ƙofa takan cije da damina, in zafi ya zo ta saki har ka hango waje ta tsakiyarta. Shi kuwa inji wuta ce a cikinsa. In na bar tsaga yanzu, ya ji zafi ya bushe, ai sai ka zura hannu."

Wurin ya ɗau amin. Babu wanda ba shi da ƙofa mai cijewa da damina a gidansa. Mai aski ya ce ko jiya sai da ya sa kafaɗa kafin tasa ta buɗe, wani kuma ya ce shi bai taɓa ganin tukunya ta kumbura a kan murhu ba. Nan fa ya kamata bakanike ya zauna ya yi bayani irin na mutane, amma ina. Ya hura hanci ya ce shi ba zai tsaya musu da masu ƙusa da masu aska ba, ya jefar da ƙarafan awon a kan tebur, ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ranar fararen kaya zai sa ya zo kallo. Har yau ina jin haushinsa. Ya san abin da zai faru, amma ya fi son a ce ya yi gaskiya a kan Baba ya samu abin da ya roƙa. Ƙarafan awon kuwa mijina ya ɗauka ya riƙa shafa gam da su, ya ce sun fi cokali daɗin aiki.

Da aka zo haɗawa, fistin ya ƙi shiga raminsa. Mijina ya ce wannan ba komai ba ne, haka sabuwar durowa take yi. Ya aiko aka karɓi kyandir a wurina, ya goga wa zobban, ya ɗauko gudumar katako ya riƙa lallaɓa su ɗaya bayan ɗaya har duka shidan suka nutse. Kafin nan ya jera bakin zobban a layi ɗaya ɗoɗar, da igiyar awo, don shi ba ya aikin da ido zai gani ya ji kunya, ko da a cikin inji ne inda babu mai gani. Da aka zo juya injin da hannu ya ƙi motsi, sai da ƙarti biyu suka rataya a jikin ƙarfe kafin ya juya da ƙara. Mijina ya ce alamar lafiya ke nan, ai mara lafiya ne ake juyawa da yatsa.

Aka mayar da injin jikin Tsohuwa. Batir ɗaya ya kasa, aka haɗa biyu. Ta yi tari, ta yi nishi, sai ta kama. Wallahi ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin Tsohuwa da murya irin ta ranar ba, mai kauri, mai daɗi, kuma salansa ko ɗigon hayaƙi babu. Baba ya lalubo bonet ya ɗora tafinsa, ya karkata kai yana saurare. Mijina ya yi maza ya kashe ta, wai kada a ƙarar da sabuwar murya kafin ranar zuwa tasha. Baba ya daɗe da hannunsa a kan ƙarfen, sannan ya ce, "Kafinta, zo ka zauna." Kuma kujera mai hannu ya sa aka jawo masa.

Ranar ba mu yi sukuni a gida ba. Ya ce in ji fa, kafinta aka ce, ba mai ƙusa ba. Ya fara tunanin canza allon shagonsa ya ƙara da gyaran inji, har yana tambayata ko jirgin ruwa ma ringi gare shi. Ya kwashe katakon gadon wata mata ya yi benci a bayan Tsohuwa, ya bi layinmu gida-gida yana gayyata, ya aika tasha a gaya wa tsofaffin direbobi su fito bakin ƙofa su ga abin da ba su taɓa gani ba.

Ranar zuwa tasha da hantsi Baba ya fito da tsohuwar hularsa ta tuƙi, an wanke an goge. Ya ce ni zan zauna kusa da shi a gaba. Bayan mota ya cika maƙil, mai aski da matarsa, mai facin tayan layinmu, maƙwabta, har da mutumin nan mai rabin aski wanda yanzu ya zama ɗan gida. Mijina ya tsaya a tsaye a bayan kan motar yana riƙe da ƙarfe, yana ɗaga wa mutanen titi hannu. Bakanike ya biyo mu a baya cikin ƙaramar motarsa, sanye da kaya fari fat kamar yadda ya yi alkawari.

Baba ya sa giya, Tsohuwa ta ɗaga. A cikin layinmu ya kusa shafar teburin mai lemo, na ce a raina hannu ne ya kwana biyu. Muka hau babban titi, ya sa ta biyu, ya sa ta uku, iska ta fara kaɗa mayafina. Mijina yana dukan rufin yana cewa Baba ya ƙara wuta, a nuna wa mutane aiki. Na kalli Baba na ga ya ƙanƙame sitiyari, gumi yana bin gefen hularsa, leɓensa yana motsi. Na ce daɗi ne ya yi masa yawa. Allurar awon zafin inji kuwa tana ta hawa, na nuna masa, bai ko kalla ba.

Muna dosar shataletalen da ke gab da tasha sai muryar Tsohuwa ta canza. Ta fara da wani siririn fito, ta koma ƙas-ƙas, sai wata ƙara mai ƙarfi kamar an yar da tukunyar ƙarfe a siminti. Motar ta yi turjiya ta cije. Mutanen baya suka zube a kan juna, benci ya bi su, mai aski ya tsinci kansa a cinyar mai faci. Muka gangara kaɗan muka tsaya cik a tsakiyar titi. Ga ƙofar tasha can ana hangowa, tsofaffin direbobi sun jeru suna ɗaga wuya.

Mijina ya diro yana gaya wa jama'a kada kowa ya damu, hutawa take. Ya ɗaga bonet, tururi ya bugo masa fuska daga lagireto. Ya ja da baya yana fifita, sai kuma idonsa ya yi haske, ya juya wajen mutane ya ce ai ga shi nan, ruwa, bai gaya musu ba, ruwa ne ya shiga ya kumbura masa aiki. Wannan karon babu wanda ya gyaɗa kai, ko mai aski ƙeyarsa yake shafawa. Motoci suka taru a bayanmu suna ta ham, masu wucewa suka tsaya, wasu suka fito da waya suna ɗauka.

Bakanike ya fito daga motarsa a hankali, ya naɗe hannun farar rigarsa. Ya sa ƙarfe ya gwada juya injin, ko gezau. Ya hau kan taya don kowa ya gan shi, ya ɗaga murya ya yi wa titin gaba ɗaya jawabi. Ya ce ƙarfe ya ɗau zafi ya buɗe, bakin ringi ya tokare juna ya rasa wurin zuwa, ya kankare ramukan ya kama fistin ya riƙe. Injin ya tashi daga aiki, Tsohuwa ba za ta sake numfashi ba. Ya ƙara da cewa yayansa kafinta ya yi wa mota akwatin gawa ta ciki. Titin ya fashe da dariya. Mijina ya sauke bonet a hankali. Ban taɓa ganinsa ya rasa ta cewa ba sai ranar, kuma duk da haushinsa da nake ji sai da ya ba ni tausayi.

Duk wannan abin Baba bai sauko ba, hannunsa biyu suna kan sitiyari. Ya ce in kira masa mijina. Ya zo gefen taga kansa a ƙasa, fuska duk baƙin mai.

"Ka ce za ka kai ni tasha," in ji Baba. "Har yanzu ban isa ba."

Ya taka kuloci ya cire giya, ya nuna baya da babban yatsa. Mijina ya zagaya ya sa kafaɗa. Shi kaɗai ya fara, jijiyar wuyansa ta fito, Tsohuwa ko ta san da shi. Mai aski ya sauko ya kama masa, mai faci ya biyo, sai sauran maza. Baba ya leƙa ta taga ya ce a gaya wa mai fararen kaya shi ma ya sa kafaɗa, don wanda ya ga rami ya yi shiru ba ya cikin 'yan kallo. Bakanike ya kalli rigarsa, ya kalli jama'a, ya ga babu mafita. Tayoyi suka fara juyawa a hankali, tafiyar da ko mai sanda zai iya wuce mu.

Muna cikin tafiya sai Baba ya matso da kansa kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"'Yar nan, ina ƙofar take?"

Na kalle shi. Ƙofar tana gabanmu, faɗinta ya isa gingimari biyu su wuce tare. Na ce masa ya ɗan yi dama, ya yi. Na ce ya isa, ya miƙe. Yana murza sitiyari yana gaya mini cewa tun muna layinmu inuwa-inuwa yake gani, da muka hau babban titi rana ta bugi gilashi kuwa, fari kawai ya rage. Ya so ya tsaya, amma ga unguwa guda a bayansa, ga abokansa suna jira, ga wancan yana dukan rufi yana neman a ƙara wuta. Ya ce abin da na ga leɓensa yana yi, roƙon Allah yake Ya kawo abin da zai tsayar da motar nan ba tare da shi ya taka birki ba. Na tuna mutanen da ke baya, na tuna shataletalen da yadda motoci ke shigarsa.

Na ci gaba da yi masa raɗa, hagu kaɗan, miƙe, miƙe. Da muka zo bakin ƙofa na ce masa mun iso. Ya gyara zaman hularsa, ya fitar da gwiwar hannu ta taga kamar yadda yake yi muna yara, ya danna ham. Tsofaffin direbobi suka dare gida biyu suna tafi suna kiran sunansa na tasha. Wani ya ce tunda yake bai taɓa ganin wanda ya shigo da gingimari a nitse haka ba. Baba ya ja birkin hannu, ya zare makulli. Ta madubi na hango mijina ya zame ya zauna a gindin taya yana haki, bakanike a gefensa da tambarin ƙura a kafaɗa.

Na sauka na zagayo ta ƙofar direba. Baba ya kama hannuna ya matse.

"Kada ki kuskura ki gaya wa mijinki."

"Don me, Baba? Ai zai ji sanyi."

"In ya ji, cewa zai yi da gangan ya yi. Gobe kuma jirgin sama zai nema."

Na ce to, Baba. Na tsaya yadda jikina zai kare shi daga idon mutane, na kama ƙafarsa na ɗora masa a kan matakala, ya sauko gaban abokansa kansa a ɗage.